Kututturen Ayaba a Cikin Kaki

Shekara hamsin da ɗoriya Mazi Ugwunna yana riƙe da ƙarya guda, kuma yayarsa Nwanyieze yake yi wa ita. Da ya dawo daga yaƙin basasa ba tare da ƙanensu Obidike ba, ya ce mata da idonsa ya ga yaron ya haye kogi da ransa. Tun ranar ta hana a yi wa Obidike jana'iza. Yanzu ta haura tamanin, ƙafafu sun ƙi, kuma Ugwunna na tsoron ta mutu tana jiran wanda shi ya san ba zai zo ba. Sau nawa ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ɓige da tambayarta ciwon gwiwa.

Ana nan sai 'yan fim suka sauka ƙauyensu da ke gefen Umuahia, wai za su sake ɗaukar wani tsohon fim ɗin yaƙi da ya yi tashe a zamanin kaset. Daraktan, Chibundu, matashi ne mai ƙaton tabarau wanda bai taɓa jin ƙarar bindiga ba sai a lasifika. Ya nemi tsohon soja da zai koya wa 'yan wasa riƙon bindiga, aka nuna masa Ugwunna.

"Papa, daga yau kai ne janar ɗinmu," in ji Chibundu.

"Da kofur na gama, ɗana, kada ka ƙara mini girma da rana tsaka." Ya dungure cikin jarumin fim ɗin da sandarsa. "Wannan tumbin ne zai je yaƙi? Mu fa ƙadangaru muka ci, su ma sai mai sa'a."

Aka kwashe da dariya, shi ma ya taya su. Amma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yadda 'yan wasan suke mutuwa a fim ɗin. Sai mutum ya faɗi ya yi ta zuba jawabi, ya yafe wa kowa, ya ba da sallahu. Ugwunna ya ce musu wanda harsashi ya samu a ciki ruwa kawai yake nema. Chibundu ya ce masu kallo ba za su so haka ba.

Rana ta uku aka koma bakin kogi. Ana son gawarwaki da yawa, mutane kuma sun yi kaɗan, sai ma'aikatan suka sare kututturan ayaba, suka sa musu kaki da hula, suka warwatsa su nesa da kyamara. Dabara ce a wurinsu, har suna yaba wa kansu. 'Yan birni ne, babu wanda ya gaya musu cewa a nan idan ba a ga gawar mutum ba, kututturen ayaba ake binnewa a madadinsa don ya samu hanyar gida.

Ugwunna ya tsaya cak. Ɗaya daga ciki an jingine shi da bishiya, hular ta rufe inda fuska za ta kasance. Haka ya jingine Obidike a bakin kogi ranar da yaron ya ji rauni a yaƙi, ya ɗora masa gorar ruwa a cinya, ya ce bari ya nemo masu ɗauka. Jirgin sama na yaƙi ya zo, Ugwunna ya ruga, bai sake waiwayawa ba.

Aka tayar da nakiyar wasa. Kafin ƙarar ta lafa tsohon yana kwance rub da ciki a cikin laka. Wani ya fara dariya, ya haɗiye ta. Ugwunna ya ja ciki har gindin bishiyar, ya rungumi kututturen.

"Papa, ka shigo mana hoto!" in ji mai kyamara.

Chibundu ya dafa kafaɗar mai kyamarar, ya yi ƙasa da murya. "Kai, kada ka tsayar. Ci gaba da ɗauka."

Ugwunna bai ji su ba. Ya saɓa kututturen a kafaɗa, da kakin da komai, ya kama hanyar gari. Nauyin ya kusa kayar da shi sau biyu. Da ya ratsa kasuwa ciniki ya tsaya, tsofaffin mata suka ɗora hannu a ka, don su ba sa bukatar bayani.

Nwanyieze na zaune a baranda tana ɓarar agushi a tire. Ta dubi abin da ke kafaɗarsa, ta daɗe tana dubansa, tiren ya zame daga cinyarta.

"Dada," ya ce, yadda yake kiran yayar tasa tun suna yara. "Bai haye ba."

"Da wa a kusa da shi?"

"Ba kowa. Na ce masa zan dawo."

Ba ta yi kuka ba, shi kuwa ya fi son ta yi, ko ta jefe shi da wani abu. Ta lallaɓa ta kwance gyalen kafaɗarta, ta shimfiɗa a ƙasa kusa da ƙafarta, ta miƙe masa gefe-gefe da hannu.

"Kwantar mini da shi a nan, a hankali," ta ce. "Kai kuma ka fita."