Allon da Ba Ya Son Ganin Manaja

Shekara goma sha shida Sakatariya ta yi a kan teburin nan na kamfanin jigilar kaya, tana buga wasiƙu da jerin motocin da za su fita. Ba ta taɓa ɓatar da ko fil ɗin takarda ba. Sai ga shi a wata guda allon kwamfutarta yana neman zubar mata da mutunci.

Abin haushin, allon ba kullum yake mutuwa ba. Sai ta wuni tana aiki lafiya lau, amma da zarar Manaja ya fito daga ofishinsa ya tsaya a gaban teburinta ya ce, "Nuna mini jerin yau," sai allon ya yi ɗif, baƙi ƙirin. Yana juya baya kuma sai ya dawo tar kamar bai taɓa laifi ba.

A karo na farko Manaja ya yi dariya, a na uku ya yi gyaran murya. Ranar da aka yi na bakwai ya cire tabarau, kuma duk wanda ya san shi ya san ba ya cire tabarau don alheri.

"Me kike ɓoye mini?"

"Ni, Yallaɓai?"

"Ke fa. Ina zuwa sai ki latsa wani abu. Ko fim kike kallo, ko aikin wani kike yi a kan injina. Ni ba yaro ba ne. In ya sake mutuwa a gabana, ki koma sito ki riƙa ƙirga tayoyi."

Maganar sito ba ta dame ta ba kamar kalmar ɓoyewa. Har abincin rana ta kasa ci. Ta roƙa a kira mai gyara, Manaja ya ce a kira, don a daina ɗora wa inji laifi.

Mai gyaran da ake kira wa ofishin ana ce masa Injiniya, kuma shi ke auren babbar 'yar Manaja. Mutum ne mai son aikinsa, amma a gaban surukinsa muryarsa kan koma kamar ta mai neman aure. Ya zo da safe da jaka cike da wayoyi, ya durƙusa ya gaida Manaja, sannan ya ja kujera.

"Anti, yaya yake yi?"

"Mutuwa yake yi."

"Da kansa?"

"In da ni nake kashe shi, da ban kira ka ba."

Ya sauya wayar wuta, ya sauya wadda ke haɗa allon da akwatin kwamfuta, ya gwada wani soket. Ya shiga ciki ya duba ko an saita allon ya riƙa barci da wuri, ya ga ba haka ba ne. Ya ɗora tafin hannu a bayansa ko zafi yake yi, ya ji shi da sanyi. Har allon mai ajiyar kaya ya aro ya jona, shi ma garau. Sa'a biyu suna zaune suna kallon allo kamar masu jinya, allon ko ƙiftawa bai yi ba.

"Anti, lafiyarsa ƙalau fa."

"Kira surukinka ka ga lafiya."

Manaja ya fito, ya taho da tafiyarsa ta ƙasaita, ya jingina da bakin teburin yana leƙowa. Ɗif.

A wannan karon Sakatariya ba allon take kallo ba. Hannuwanta na kan cinya don kada a ce ta latsa wani abu, idonta kuma ya sauka a kan kofin shayinta. Ta ga shayin ya karkata. Sai ta tuna ƙafar teburin ta baya gajera ce, tun bara take cewa a sa mata katako. Ta bi abin da ido: tumbin Manaja, wanda kullum yake riga shi isa wuri, ya tokare bakin tebur, tebur ya rusuna baya, ƙeyar allon ta manne da bango, bango ya danne kan wayar wuta.

Ta ɗago ta dubi Injiniya. Shi ma ya gani, domin gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya shiga kwance wata ƙusa da ba ruwanta da maganar.

"To, Injiniya, me ka gano?" in ji Manaja.

"Baba... wato... wutar ce wani lokacin takan yi, ka gane, takan ɗan yi."

"Takan yi me?"

"Sai an ƙara bincike, Baba."

Sakatariya ta ji kamar ta kwaɗa masa madannin rubutu a ka. Amma ta san ko za a yanka shi, ba zai ambaci tumbin uban matarsa ba. A ofishin nan ma ba wanda ya taɓa ambatarsa, har tela in ya zo awo cewa yake yadin ne ya ƙanƙance.

"Na gaya miki," in ji Manaja. "Tattara kayanki."

Tana tsoronsa ƙwarai. Sai dai ta ga gara a kore ta da gaskiyarta.

"Yallaɓai, don Allah ɗan ja da baya. Taku ɗaya."

"Me?"

"Taku ɗaya kawai. Ga hannuwana, kana ganinsu."

Ya ja baya yana hararar ta. Tebur ya miƙe, allo ya kawo tar, ga jerin motoci a kai, ba fim ba komai.

"Yanzu matso, yadda ka saba."

Ya matso. Ɗif.

Ba wanda ya ce masa ya sake, shi da kansa ya ja baya, ya matso, ya ja baya. Allon na bin sa kamar fitilar firji. A karo na uku ya tsaya, ya sunkuyar da kai a hankali ya dubi inda maɓallin rigarsa yake taɓa katako. Injiniya kuwa tuni ya shige ƙarƙashin tebur, wai yana duba waya.

"Teburin nan," in ji Manaja, "ya cika matsowa."

"Ƙwarai, Baba, tebur ne!" in ji murya daga ƙasa. "Ni ma abin da na fara zargi ke nan."

Nan take aka janye teburin daga bango, aka cusa ninkakken kwali a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar. Manaja ya nufi ofishinsa yana tafiya a miƙe, numfashi a riƙe. Sakatariya ta zauna, ba ta san ko ta ci gaba da aiki ko ta nemi kwalin zuba kaya ba.

Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo gaba ɗaya ba.

"Sakatariya."

"Na'am, Yallaɓai."

"Na yi miki zargin banza. Ba ki taɓa ɓoye mini komai ba."

Idonta ya ciko da ƙwalla. "Ban taɓa ba, Yallaɓai."

Ya gyaɗa kai, ya shafa gaban rigarsa.

"Amma na yau ɗin nan," in ji shi ƙasa-ƙasa, "da kin ɗan ɓoye."