Ƙofofin Mataki na Huɗu

Allurar ma'aunin babbar fanka ta faɗi, kuma duk ofishin mahaƙar ba wanda abin ya dama sai Injiniya. Ita ke kula da iskar da ake shaƙa a ƙarƙashin ƙasa. Fankar tana bisa, tana zuƙo iska ta rami ɗaya, sabuwa kuma ta sauka ta ɗayan ramin, ta bi hanyoyin da Injiniya ta zana mata har ƙuryar da ake haƙa, ta kwashe hayaƙi ta fito da shi. Da ta dawo daga taron safe, sha ɗaya da kwata, sai ta ga layin da allurar ke ja a takarda, mai nuna wahalar da fankar ke sha wajen jan iska, ya sauka tun sha ɗaya saura biyar, bai kuma tashi ba.

Ta yage takardar ta faɗa ofishin Manaja ko sallamar kirki babu.

Manaja ya gyara tabarau ya duba. "To, ai ga shi nan iskar da fankar ke ja ma ƙaruwa ta yi. Mene ne na tashin hankali?"

"Shi ne abin tsoron, Yallaɓai. Iska malalaciya ce. In ka ga fanka ta samu sauƙi, to iskar ta samu gajeriyar hanya ce, ta daina zuwa inda aka aike ta. Kuma an tashi nakiya a mataki na huɗu da ƙarfe sha ɗaya."

Dokar mahaƙar ita ce in an tashi nakiya, a jira rabin awa hayaƙi ya fita kafin a koma. Su kuwa ma'aikata agogo kawai suke kallo. Ba wanda ke tambaya ko iskar ta je ta yi aikinta, da ma kullum tana zuwa. Ƙurar za ta kwanta, wuri ya yi haske kamar lafiya, amma gubar da nakiya ke bari ba ta da launi, ba ta da wari. Sha ɗaya da rabi na cika mutum tara za su shiga cikinta da ƙafafunsu, kuma wanda zai shige gaba shi ne shugabansu, yayan Injiniya, uwa ɗaya uba ɗaya.

"A buga ƙararrawa a fito da kowa," in ji ta.

"Mutum ɗari uku? Saboda allura?" Manaja ya jingina da kujera. "Wata biyar da suka wuce ma haka kika tsayar mana da aiki, aka duba ashe ma'aunin ne ya lalace. Har yau dariya ake yi mana."

Wallahi ta ji kamar ta kifa masa teburin. Ta fizgi waya ta kira mataki na huɗu. Ta yi ta ringi, ba a ɗauka ba. Ina za a ɗauka? Wayar tana bakin rami, su kuwa can ciki suke zaman jiransu, a wani lungu mai sanyi da suka jera katako.

"Ka ci gaba da kira, don Allah," ta ce, ta suri hular kwano da na'urar auna guba ta fita a guje.

Baba mai keji, dattijon da ke sauke mutane cikin rami, yana ganin fuskarta bai tambayi komai ba, ya ja ƙofar ƙarfe ya buga sigina. Kejin ya fara sauka. Minti shida yake ɗauka zuwa mataki na huɗu, yau kuwa gani take kamar da gangan yake jan jiki. Ta dubi agogo: sha ɗaya da minti ashirin da huɗu.

"Baba, ba ya sauri fiye da haka?"

"'Yar nan, in ya yi sauri fiye da haka ai faɗuwa ake ce masa."

Ba ta yi dariya ba. Tsoro take ji, tsoro sosai. A kanta tana bin zanen matakin layi-layi tana neman inda iskar ke zurarewa. Wuri ɗaya ne kawai: ɗan gajeren lungun da ya haɗa hanyar shigar iska da hanyar fitarta, inda taragon dutse ke ratsawa. A nan ta sa ƙofofi biyu a jere. A buɗe ta farko, a shigar da tarago, a rufe, sannan a buɗe ta biyu. Muddin ɗaya na rufe, dole iska ta zagaya ta ƙurya.

Kejin ya tsaya sha ɗaya da rabi daidai. Wayar bango na ta kuka ita kaɗai. Injiniya ta wuce ta da gudu, Baba ya biyo ta yana haki, shi da bai taɓa barin kejinsa ba.

Tun kafin ta isa lungun ta ji iskar na bugun fuskarta ta gefen da bai kamata ba. Tana shan kwana fitilar goshinta ta haska abin. Ƙofofin nan biyu a hangame, kowace an tokare ta da guntun katako. A tsakaninsu ga tarago uku a haɗe, babu kaya, na tsakiya ya sauka daga kan layin dogo ya karkace. Na gaba ya toshe bakin ƙofa ta biyu, na baya ya toshe ta farko. Iskar da aka aika wa mutum tara tana bi ta nan tana komawa sama abinta.

"Wane ɗan banza ne ya yi wannan?" ta daka tsawa.

Sai kuma ta tuna. Mita shida ta bari tsakanin ƙofofin, daidai tarago biyu, don lokacin da ta yi zanen bibbiyu ake haɗa su. Wata huɗu ke nan da aka koma haɗa uku. Tarago uku mita tara ne. Ko aljani ne bai isa ya rufe ƙofa ɗaya kafin ya buɗe ɗayar ba. Ta haska katakon da ke tokare da ƙofar, ya yi sumul saboda taɓawa, har ya ci rami a ƙasa. Ashe kullum haka ake yi, minti ɗaya, biyu, tarago ya wuce a rufe. Ta sha ganin ɗan motsin allurar a takarda, ta ce hawa da saukar keji ne.

"Baba, zare ƙarfen da ya haɗa na baya!"

Ƙarfen ya cije, don karkacewar na tsakiya ta ɗaure shi. Baba ya ɗauki dutse ya yi ta dukansa daga ƙasa. Ɗaya, biyu, biyar. Dutsen ya fashe a hannunsa, ya ɗauki wani. Injiniya ta sa kafaɗa ta tura taragon gaba don ya saki, tana jin ƙarfe na cin ƙashinta. Ƙarfen ya yi tsalle ya faɗi. Suka koma ɗaya gefen suka tura taragon baya, taku ɗaya, taku biyu, har ya bar bakin ƙofar.

"Janye hannunka!"

Ta shuri katakon. Iska ta fizgi ƙofar ta maka ta da ƙarar da ta toshe musu kunne. Nan take rigarta ta fara kaɗawa ta gefen ƙurya. Ta dubi agogo: sha biyu saura minti ashirin da ɗaya. Minti tara ke nan suna ciki.

Suka nufi ƙurya. Ba su yi nisa ba suka hango fitilu na tahowa suna tangaɗi. Wani na dafe da bango, wani na rarrafe, wani ya durƙusa yana amai. Ta riƙa haska fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa. Bakwai.

"Ina Yaya?"

Wani ya ɗago da ƙyar. "Shi ya ce mu fita, da kawunanmu suka fara sarawa. Sai aka ga babu Gajere mai huda dutse. Ya koma ɗauko shi."

Ta zabura da gudu. Taku talatin na'urar da ke ƙirjinta ta fara ihu. Ta ja birki. Ta riga iskar ke nan. Sabuwar iskar tana bayanta tana turo gubar a hankali, da tafiyar mai zuwa zance, kuma duk wanda ya wuce ta ya shiga abin da ya kayar da su. In ta faɗi, gawa uku za a ɗauko maimakon biyu. Ita ta koya wa mutane wannan da bakinta, a aji, da alli a hannu. Yau ga shi yayanta na kwance a gaba, an ce ta yi tafiyar hawainiya.

Ta ja da baya har na'urar ta yi shiru. Ta yi taku biyar, na'urar ta yi ihu, ita kuma ta tsaya. Ta ƙirga goma, na'urar ta yi shiru, sai ta ƙara taku biyar.

"Yaya!" Duhu ya dawo mata da muryarta. "Yaya, ka amsa mini mana!"

Kuka take yi, ba ta ma sani ba sai da gishiri ya shiga bakinta. Baba na bayanta riƙe da gefen rigarta kamar mai riƙe akuya, yana ta salati ƙasa-ƙasa. Sau biyu tana fizgewa yana dawo da ita.

A tsayawa ta bakwai fitilarta ta kama takalmi. Yana kwance rub-da-ciki a tsakiyar layin dogo, hannunsa na dama damƙe da wuyan rigar Gajere, da alama jan sa yake yi har ƙarfi ya ƙare. Taku goma ne tsakaninsu, na'urar kuwa ihu take yi. Wannan karon ba ta jira ba. Ta cika ƙirji da iska ta riƙe, Baba ma haka, suka ruga. Ta kama Yaya ta hammata, Baba ya kama Gajere, amma hannun Yaya ya ƙi sakin rigar, sai haka suka ja su a haɗe, har kanta ya fara juyawa, har na'urar ta yi shiru.

Ta kifa kunne a ƙirjinsa. Shiru. Ta danna kunnen sosai, ta daina nata numfashin. Can ta ji shi, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ba ya so a buɗe.

Da azahar, a ɗakin shan magani na mahaƙar, su tara ɗin na jere a kan gadaje da robar oksijin a hanci. Likita ya ce Gajere sai an wuce da shi babban asibiti, amma zai tashi. Yaya ya buɗe ido ya ga ƙanwarsa zaune a gefensa, kafaɗarta ɗaure da bandeji. Ya janye robar.

"Auta."

"Mayar da abin nan. Kada ka yi magana."

"Ni na sa katakon," ya ce. "Ni na sassaƙa shi ma. Yau taragon ya sauka ana shirin tashin nakiya, na ce a bar shi, ma gyara in mun dawo. Na ɗauka rabin awa ba komai."

"Wata huɗu, Yaya! Wata huɗu kuna tokare ƙofa, kullum muna gaisawa a bakin keji, ba ka iya ce mini Auta, ƙofofinki sun yi kusa ba? Kwana biyu ne aikin matsar da ita!"

Ya kawar da kai ya kalli bango. "Yaran sun so su kai ƙara ofis. Ni na hana. Bayan dariyar da aka yi miki kan ma'aunin nan, in aka sake cewa zanenki da kuskure, ai cewa za su yi da ma mace ce. Na ce ba a bakina za a ji ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Haushi da tausayi suka taru mata a zuciya.

"To da yau ka mutu," ta ce, "in na je gida Inna ta tambaye ni me ya kashe mata ɗa, me kake so in ce mata?"

"Sai ki ce ganganci na ne."

"Ƙarya zan yi mata ke nan."

Ta ɗauki robar ta mayar masa a hanci da kanta, ta danne da tafin hannu don kada ya sake cirewa.