Firam Biyu, Takarda Ɗaya

Baba kafinta ne. Tun da na ce masa ina haɗa lissafi da tattalin arziki a jami'a, ya cika unguwa da labarin ɗansa zai kawo digiri biyu. Da hannunsa ya ƙera firam biyu, ya rataye a shago. Daɗin yabo ya hana ni gyara masa.

Ranar da na kawo takardar digirin, abokansa sun cika shagon. Ya juya ta gaba da baya.

"Ina ɗayar?"

"Baba, duka biyun a nan aka rubuta."

Tela maƙwabcinmu ya ƙunshe dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya sauke firam ɗaya, ya miƙo mini.

"Kai wa ƙanwarka, ta sa tata takardar in ta gama karatu. Da ita ce, da tuni ta gaya mini gaskiya."