Miskin da Na Shafa wa Fiffike

Shekara goma sha huɗu mijin 'yata yana aurenta, ban taɓa kiran sunansa ba. Injiniya nake cewa, ko baban Zinatu. In ya shigo falo sai in tashi in koma kicin. In zai gaishe ni, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ni kuma in amsa ina kallon bango. Matar tasa kuwa ita ce 'yar farina, ita ma ba na faɗin sunanta na yanka. Yelwa nake ce mata, kuma hirarmu ba ta wuce ta cefane da ciwon gwiwa. Haka aka raine mu a Zariya, kuma da suka ɗauko ni zuwa Gorton, wata unguwa a ƙasar Ingila, ban baro kunyata a gida ba, da ita na taho.

A shekarun nan da gwamnatin ƙasar ta matse bakin aljihu, council, wato ƙaramar hukumar da yake wa aiki, ta rage ma'aikata, Injiniya yana cikin waɗanda aka sallama. Wata takwas yana zaune a gida. Mutumin da hannunsa bai saba da zama ba, har famfon da lafiyarsa ƙalau ya kwance ya mayar. Daga baya ya sami aiki a Birmingham, kwana biyar can, biyu nan. To a can ne ya haɗu da wani jirgin sama.

Ƙaramin jirgi ne mai kujera biyu, irin wanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa mutum ya harhaɗa a gidansa. Wani tsoho ne ya haɗa shi, ya yi shekaru yana tashi da shi, rannan ya sauko da ƙarfi fiffiken hagu ya tsage daga gindi, aka yasar da shi a rumbun gona. Injiniya ya jawo shi zuwa garejin abokinsa Rabi'u a unguwar Erdington, can Birmingham. Abin da ya fi tayar min da hankali, jirgin ba na ƙarfe ba ne. Wai ƙyalle ne na zaren gilashi, a shimfiɗa, a shafa danƙo, a ƙara wani a kai, har ya bushe ya yi tauri kamar ƙwarya. Ƙwarya fa! Ni na san yadda ƙwarya take yi in ta faɗi ƙasa.

Ana saura sati biyu ƙaramar Sallah, Yelwa ta tafi da ni unguwar Sparkhill a Birmingham sayen yadi. Da muka gama ta ce mu biya Erdington in ga jirgin. Injiniya yana jin tsayuwar motarmu ya gaishe ni daga nesa, ya zagaya bayan gareji ya ba ni wuri. Na shiga. Wari kamar na fenti ya cika ko'ina. Ga fiffiken an kwantar da shi a kan katako, gindinsa an kankare shi ya yi fari fat, an zagaye wurin da jan tef, an liƙa takarda da rubutun Turanci. Ni Hausa nake karantawa, ita ma da girmana na koya.

Yelwa ta nuna min ta ce, "Nan ne ya karye. Yau da yamma zai manne shi."

Wayarta ta yi ƙara, ta fita.

Na tsaya ina kallon wurin nan. Na ce a raina, wannan tafin hannun ne zai riƙe uban jikata tsakanin sama da ƙasa. A jakata akwai 'yar kwalbar miski da na taho da ita daga Makka, mai maiƙo, wadda nake shafa wa duk wanda zai yi tafiya a gidanmu. Na tsiyaya a hannu, na yi addu'a, na shafa a farin wurin nan. Na mulke shi sosai har ya shanye, ba ka ganin komai. Ƙamshin kuwa dama yana jikina, duk wanda ya ji zai ce ni ce na wuce. Na fito zuciyata wasai, ban faɗa wa kowa ba.

Wata bakwai aka yi. Aka shafa farin fenti, aka gyara inji, aka kai jirgin wani ƙaramin fili a bayan Birmingham. Aka sa ranar Asabar da ƙarfe goma don tashin farko, shi kaɗai a ciki.

Ranar Lahadin da ta gabaci wannan Asabar, Rabi'u ya zo mana Gorton. Ina kicin ina tuƙa musu tuwo, ƙofa a buɗe, suna falo suna ta tsiya.

Rabi'u ya ce, "Kai dai ka bar min wasiyya. Motar nan taka nake so, ba jirgin ba."

Injiniya ya yi dariya. "Matsoraci. Wanda ko lift na hawa bene ba ya iya shiga shi kaɗai."

"To ni dai fiffiken nan ne ban yarda da shi ba. Gam fa ka sa."

"Gam ɗin ya fi ƙarfe riƙo, in dai wurin yana da tsabta. Shi ya sa na kusa dukanka ranar da ka shigo da tsire. Maiƙo ne kaɗai abokin gabansa. Ko zanen yatsa ɗaya, wallahi. Daga waje za ka ga ya kama lafiya lau, sai an hau sama iska ta danna, ya saɓule."

Muciya ta kufce min ta faɗi. Na dafa bango. Ban san lokacin da tuwon ya kama ba, sai da Yelwa ta shigo da gudu ta kashe wuta.

Satin nan ban san yadda na yi shi ba. Abinci ya ƙi shiga. In na rufe ido sai in ga farin fiffike yana juyawa shi kaɗai a sama kamar ganye. Sau uku ina tashi da niyyar faɗa, sau uku ina fasawa. Yaya zan dubi surukina in ce na sa hannu a aikinsa a ɓoye? Ni da ko ruwa ban taɓa miƙa masa hannu da hannu ba. Shi kuma tun daren Lahadin ya koma Birmingham.

Ranar Laraba na daure na ce wa Yelwa, ina kallon kwanon da nake wankewa, "Da kin ce wa maigidan naki ya sake duba fiffiken nan."

Ta ce, "Haba Inna, it's fine. Baturen da ke duba jirage ya zo, ya bi shi da sulalla yana ƙwanƙwasawa taƙi-taƙi yana saurara. Ya ce ƙarar ta yi, ya sa hannu."

Na ce to. Na riƙe wannan maganar kamar igiya, kwana biyu ina lallashin kaina da ita. Ranar Juma'a da yamma Yelwa da Zinatu suka tafi Birmingham. Ni na ce gwiwata ba za ta bar ni ba.

Asabar bayan sallar asuba, ina zaune a kan darduma, maganarsa ta dawo min ɗaya bayan ɗaya: daga waje za ka ga ya kama lafiya lau. Na miƙe da hijabina na buga ƙofar maƙwabciyarmu Kaneng. 'Yar Jos ce, nas, ita kaɗai nake sakewa da ita a layin nan. Ta buɗe da kofin shayi a hannu.

"Mama, lafiya? Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba wanda ya mutu tukuna." Na zayyana mata komai a tsaye a bakin ƙofa.

Ta ajiye kofin. "Kin shafa mai? A wurin da za a manne? Mama! Tun yaushe kika sani?"

"Tun Lahadi."

"Kika yi shiru?"

"Surukina ne, Kaneng."

"Surukinki ne, shi ya sa za ki bari ya faɗo da mutuncinsa? Kai, ku Hausawa da kunya!" Tana faɗa tana danna waya. Ta kira Yelwa, ba ta shiga. Ta kira Injiniya, a kashe. Ta bar saƙo biyu, ta ce filin nan bayan gari ne, ƙila ba network. Ta shiga gidanmu ta ciro takardar kwatancen filin da Yelwa ta manna a firij ɗinmu, ta ce, "Sa takalmi."

Bakwai da rabi muka bar Gorton a motarta. Ban taɓa sanin hanya tana da tsawo haka ba. Muna wuce rabin hanya muka tarar ana gyaran titi, motoci sun yi layi suna tafiyar kunkuru. Ina kallon agogon motar, tara saura kwata, tara da minti goma. Carbina yana hannuna amma na kasa ja, sai matse shi nake yi. Duk abin da ya gifta a sama, ko tsuntsu ne, sai in ɗauka jirgin ne.

Kaneng ta ce, "In mun isa, ni zan faɗa masa ko ke?"

Na ce, "Ke."

"A'a. Ni zai ɗauka wasa nake. Hannunki ne ya shafa, bakinki zai faɗa."

Goma da minti biyar muka shiga filin. Ciyawa ce shimfiɗe, da wasu rumfunan kwano. Ga Yelwa da Zinatu da Rabi'u can bakin shinge, ga Baturen nan mai duba jirage, wani dogon tsoho, da takardu a hannu. Ga jirgin kuma, fari tas, farfelarsa tana juyawa, ya fara gangarawa a hankali. Murfin gilashin bai gama rufewa ba, ina hango kansa.

Ban jira motar ta gama tsayawa ba. Ni da nake hawa bene da hutu uku, na ratsa ƙofar shingen nan da gudu. Baturen yana ihu, Kaneng ta cafke hijabina ta baya don kada in nufi farfela. Na ɗaga hannu, bai gan ni ba. Na ce, "Injiniya!" Ƙarar inji ta haɗiye. Na ce, "Baban Zinatu!" Jirgin yana ta tafiya.

Sai na buɗe maƙogwarona gaba ɗaya.

"Ja'afaru! Ja'afaru, tsaya!"

Ban sani ba ko muryata ya ji, ko Yelwa ya gani ta dafe kai da hannu biyu jin abin da ya fito daga bakina. Ya waiwayo. Jirgin ya tsaya. Farfelar ta yi juyi biyu ta mutu, filin ya yi tsit.

Ya sauko ya nufo ni, ya fara durƙusawa tun daga nesa yadda ya saba. Na ce, "Tashi ka dube ni." A ranar na fara sanin cewa yana da furfura a gemu. Na faɗa masa rana, na faɗa masa wuri, na ciro kwalbar daga jaka na nuna masa.

Ya juya ya yi magana da Baturen, fuskar tsohon ta canja. Suka tura jirgin cikin rumfa, su uku suka zare fiffiken suka kwantar. Baturen ya sake ƙwanƙwasawa da sulallansa, ya ɗaga kafaɗa, wai har yanzu ƙarar lafiya. Rabi'u ya ce ƙila ba abin da ya faru. Injiniya dai ya ɗauko kurfi, ya kankare fenti a gefen gyaran, ya sa bakin kurfin ya ɗan danna. Ba da ƙarfi ba, wallahi, kamar mai buɗe gwangwanin madara.

Abin ya ɗago. Ya sa yatsu ya ja, falle guda ya taso kamar ɓawon albasa, ƙasansa sumul yana sheƙi. Sai ƙamshin miskina ya cika rumfar.

Yelwa ta zauna a ƙasa daɓas. Rabi'u yana ta salati. Ina jiran ya yi faɗa, da ya yi da na fi jin sauƙi. Sai ya ajiye kurfin, ya zo ya durƙusa a gabana, kansa a ƙasa, ya ce, "Inna, sannu da hanya."

Shekara guda ya ƙara yana sake gyaran, ya yanke wurin gaba ɗaya ya gina sabo. Ban sake taka garejin nan ba, ban kuma sake kiran sunan ba. Mun koma yadda muke, shi a bakin ƙofa, ni ina kallon bango.

Ana gobe zai tashi, Yelwa ta shigo ɗakina da hularsa a hannu ta ajiye a kan gado. Ta ce, "Wai in ji shi, nan ne wurin da ba a mannewa."

Na shafa mata miskin ciki da waje. Washegari na bi su filin, amma ban fito daga mota ba. Na rufe fuskata da hijabi, ina jin ƙarar tana nisa har ta ɓace, na ƙanƙame kwalbar, ban buɗe ido ba sai da na ji tayoyin sun taɓa ciyawa.