Takardar Mai Yashi

Wani kamfanin gine-gine ya sauya tsarin saye, ya rage masu kawo masa kaya daga saba'in zuwa tara. Ma'aikaciyar da ke kula da saye aka ɗora wa raba takardun sallama.

Na talatin a layi dattijo ne, shekara ashirin yana kawo musu yashi. Ya jujjuya takardarsa, ya miƙo mata.

"'Yata, karanta mini, ban zo da tabarau ba."

Ta karanta masa tsaf, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ta saurari zuciyarta, ba ta ji komai ba.

Ya ce, "To, haka Allah ya so. Ya jikin mahaifiyarki?"

"Da sauƙi, Baba."

Ya fita ya ja mata ƙofa a hankali. Ta kira na gaba.