Dabbar Jikin Makulli

Yana durƙushe yana laluben ƙafar takalminsa ɗaya a ƙarƙashin kujera, matarsa ta kamo hannunsa ta ɗora masa wani abu a tafi.

"Na gama, Baban 'Yan Biyu. Naka ne. Har na saka maka makullin motar a jiki."

Sannu-Sannu, kamar yadda 'yan uwansa direbobin tasi ke kiransa saboda ko mai keke yana iya wuce shi a titi, ya ɗaga abin ya duba. Ƙananan duwatsun ado ne, fari da ruwan toka, an saƙe su da zaren roba. Ga dunƙule babba, ga ƙarami, ga wasu zara-zaran abubuwa sun fito ta ko'ina. Akwai kuma baƙaƙen duwatsu biyu da ya kyautata zaton idanu ne, duk da kowanne da inda yake kallo.

"Kai, masha Allah! Wannan dabba ta yi kyau."

"Wace dabba ce?"

Ya sake juya abin a hannunsa. "Haba, ai a bayyane take."

"To faɗa mana."

"Na makara, Maman 'Yan Biyu, fasinja na jira."

"Je ka. In ka dawo ka faɗa min. In har mijina bai gane abin da na yi ba, ɓata lokacina kawai nake, na bar zuwa ajin nan."

Ba da wasa ta faɗa ba, shi ya sa hankalinsa ya tashi. Tun da 'yan biyunsu suka tafi jami'a gidan ya yi tsit, ita ma ta yi tsit tare da shi, sai ta wuni a gaban talabijin ba ta kunna ba. Ajin koyon saƙar duwatsun nan ne ya dawo masa da matarsa. Yanzu har waƙa take yi a kicin. Gaskiya ne kullum sai ya taka dutse a tsakar ɗaki, ya ma taɓa tsintar ɗaya a kofin shayinsa, amma ya gwammace ya haɗiye leda guda da ta koma wancan zaman.

Don haka duk fasinjan da ya shigo sai ya nuna masa abin yana reto a jikin makulli. Wata nas ta leƙo ta ce ƙoda ce.

"Dabba ce fa, baiwar Allah."

"To Allah ya ba ta lafiya."

Wani mahauci ya ce rago ne, amma wanda aka riga aka feɗe. Wata ya da ƙanwarta suka kaure da musu, wannan ta ce kifi, waccan ta ce jirgin sama, har suka sauka ba mai yi wa wata magana. Da rana ta take, Sannu-Sannu ya ga abin ya fi ƙarfin 'yan gari, ya ɗauki hanyar asibitin dabbobi.

Ya bi layi tsakanin wata mai mage a kwando da wani mai kare yana ɗingishi. Da aka zo kansa likita ya waiga bayansa.

"Ina marar lafiyar?"

Ya ajiye makullin a kan tebur. Likita ya dube shi, ya dubi ƙofa, sannan ya saka tabarau, don shi ma abin ya ɗaure masa kai.

"Gajeru huɗu, dogaye biyu. In duk ƙafafu ne, ƙwaro ne."

"Ƙwaro? Matata ce za ta ba ni kyautar ƙwaro?"

"Kai ka san abin da ka yi mata."

Likita ya kama ɗaya daga cikin dogayen ya ja, wai ya ga ko daga kai ya fito ko daga ciki. Sai ji suka yi ɗas! Zare ya tsinke, duwatsun dogon abin suka watse a ƙasa, karen nan ya manta da ɗingishinsa ya lashe guda.

Sannu-Sannu ya durƙusa. Ya tsince abin da ya samu, ya shiga mota, ranar har ya wuce wata babbar mota a hanya. A saman wani shagon teloli ya sami ajin, mata sun kewaye dogon tebur, kowacce da faranti cike da duwatsu. Ya gaida malamar, ya sassauta murya ya tambaye ta abin da matarsa ta saƙa.

"Ai matarka ba ta bin zane," in ji malama. "Ƙadangare na sa kowa ya yi, shi ne aikin 'yan koyo. Ita ta ce tana da nata a kai. Ni ma na tambaye ta, ta ce sai mijinta ya fara faɗa."

"To ki taimaka ki gyara min."

"Nan ba a gyara wa mutum, koya masa ake yi. Ku matsa masa."

Haka babban mutum ya zauna tsakanin wata amarya da wata tsohuwa, gwiwoyinsa na dukan tebur. Malama ta nuna masa yadda ake zura bakin zare ɗaya ta dama, ɗayan ta hagu, su haɗu a cikin dutse, a ja. A ido abin banza ne. Amma yatsun da suka saba da sitiyari sun ƙi kama dutsen da bai kai ƙwayar shinkafa ba. In ya kama dutsen zare ya kuɓuce, in ya kama zaren dutse ya yi tsalle ya faɗa farantin tsohuwa, ita kuma ba ta mayarwa. Da ƙyar da jiɓin goshi ya haɗa dogon abin.

"A ina yake da?" malama ta tambaya.

Ya juya dabbar sama, ya juya ta ƙasa. Wallahi ya manta. Sai ya yi tunanin ai kowace dabba tana da jela, ya ƙulle shi a baya.

Da yamma ya daɗe a cikin mota a ƙofar gida yana gwada sunaye a bakinsa, babu wanda ya zauna. A ƙarshe ya shiga gidan. Tana tsaye tana jiransa, ta miƙo hannu, ya ba ta.

"Na shiga uku! Wa ya cire wa zomona kunne ya maƙala masa a baya?"

"Zomo!" Ihun ya fita kafin ya tare shi. Ya yi gyaran murya. "Zomo mana. Ai tun safe na gane."

"Ka gane, shi ne ka bar shi da kunne ɗaya da jelar biri?"

Ta kai abin kusa da ido tana duba ƙullin, wani ƙaton ƙulli irin wanda ake ɗaure kaya a bayan mota.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni."

"A ina?"

"A ajinku. Kusa da wata tsohuwa mai ƙwace."

Ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Ta yi dariya har da riƙe bango, shi kuwa daɗi ya cika shi, don rabon da ya ji irinta tun yaran suna gida.

"Aji mai zuwa tare za mu, kuma ba a mota za ka jira ni ba," ta ce tana share hawaye. "Mutumin da bai san inda kunnen zomo yake ba ai ba a barinsa haka. Zauna, riƙe min zaren nan."

Ya zauna ya riƙe. Ta warware ƙullinsa, ta mayar da kunnen inda yake, ta ɗaga masa a gaban fitila. Ya ƙura ido sosai. Har ga Allah bai ga zomo ba.

"Yauwa," in ji shi. "Yanzu ya fito sak."