Ƙarfen Banza a Gindin Baƙin Dutse

Ni na zaɓa wa Yaya Chunsam na'urar, ni na saita ta da hannuna, don haka in ana neman wanda za a zaga a wannan labari ba sai an je da nisa ba.

Sunana Pilgu. Shekara goma sha ɗaya na yi ina yawo da na'urar gano ƙarfe a bakin tekun ƙauyenmu, nan gabashin tsibirin Jeju. Mutanen gari sanda suke ce mata, ni kuma suna kirana kazar rairayi, wai ba ni da aiki sai tono. Ko a jikina. In 'yan hutu suka watse a ƙarshen watan takwas, abin da suka zubar nawa ne: kwabbai, 'yan kunne, makullan mota, wani lokaci har zobe. Na san aikina, ko dai in ce haka na ɗauka.

Matar Chunsam, Gapsun, 'yar nutso ce kamar uwata, kamar yawancin matan garinmu. Ta fi shekara arba'in tana shiga teku da numfashinta kaɗai, tana ɓanɓaro jonbok, babban koɗin nan mai manne wa dutse. Ranar da abin ya faru su tara suka shiga, takwas suka fito. An ga gorar da take dafawa ta huta in ta taso tana yawo a kan ruwa ba mai ita. Abokan nutsonta sun samo ɗamarar darmar da ke nutsar da ita a ƙasan teku, alamar ta kwance ta tana neman tasowa. Kafin a ci gaba da nema guguwa ta sauko, kwana biyu tana juya bakin tekun kamar ana juya shinkafa a tukunya. Tsofaffi suka ce duk abin da ruwa ya ci a wurin nan, nan yake amayar da shi ya rufe da yashi.

Aka yi mata kabari a gefen gonar lemunsu, aka sa rigarta ta biki a ciki. Chunsam bai taɓa zuba wa kabarin ko kofin giya ɗaya ba, irin wadda ake zuba wa mamaci a al'adarmu. Ya ce shi ba zai durƙusa wa riga ba. 'Yarsu Miran ta zo daga birnin Busan ta yi kuka ta yi lallashi, ta gaji ta koma. Bayan wata ɗaya sai ga shi a ƙofata, ko takalmi bai cire ba.

"Pilgu, sandar nan taka tana jin mutum?"

"Ba ta jin mutum, Yaya, ƙarfe take ji. Wane ƙarfe ne a jikin Maman Miran?"

"Zobena, na zinariya. Tun ranar aurenmu ban taɓa ganin hannunta ba shi ba."

Tambaya ɗaya na yi, amsa ɗaya ya ba ni, na tashi na ɗauko makullin mota.

A shagon birni iri biyu mai shagon ya ajiye mana. Ɗaya tana shiga ƙasa da zurfi, gishirin teku ba ya ruɗa ta, amma ba ta da zaɓe. Ƙusa, gwangwani, zinariya, duk kuka ɗaya take yi musu. Ɗayar kuwa tana da maɓallin da za ka hana ta kula baƙin ƙarfe, ta yi shiru sai ta ji zinariya ko azurfa ko tagulla. Na dubi Chunsam, shekararsa saba'in da ɗaya, bayansa ya fara lanƙwasa. Bakin tekunmu kuwa cike yake da ƙusoshin tsofaffin jiragen ruwa da ƙugiyoyi da guntayen waya. Na ce masa in ya ɗauki ta farko, kafin wata uku shi za mu binne. Muka ɗauki mai zaɓen. Na murɗa maɓallin har ƙarshe, na naɗe shi da salatif don kada hannunsa ya goce shi. Ranar har alfahari na yi da dabarata.

Ya koyi aikin fiye da ni. Kullum ruwa ya janye yana can, faifan sandar dab da yashi, taki ɗaya shara ɗaya, yana kafa karan gora don ya san inda ya tsaya. Matan nutso in sun fito sukan tsokane shi, wai kazar rairayi ta samu zakara. Shi dai ya ɗaga musu hannu. Ya tono kwabbai cikin bokiti, ya tono zobba goma sha huɗu, duk ya kai ofishin 'yan sanda don ba nasa ba ne a ciki.

A hunturun farko, wata safiya, ya kira ni gindin baƙin dutsen da ke ƙarshen arewa. Guguwar daren jiya ta kwashe yashin wurin kusan zuwa gwiwa. Ya ce sandar tana wani abu. Na sa abin kunnen na saurara. Ba kuka take ba, in'ina take, ƙyas-ƙyas, irin wadda take yi in ta hau ƙarfen da aka hana ta faɗa. Na ja faifan, abin dogo ne siriri, kamar tsawon kamu ɗaya da rabi.

"Ƙarfen banza ne, Yaya. Wuce, kada ka ɓata bayanka."

Ya wuce. Bayan kwana uku ruwa ya maido da yashinsa.

Haka aka ci shekara uku. A ta huɗun hukuma ta ce teku na cin hanya, za a yi katangar kankare tun daga baƙin dutse har zuwa tashar jirage, rairayin duka zai shiga ƙarƙashi. Chunsam ya je ya roƙi a jinkirta, aka ba shi shayi aka raka shi ƙofa. Suka fara daga arewa. Cikin mako biyu an shimfiɗa rodi an zuba siminti a gindin baƙin dutse.

Ɗakin da matan nutso ke canza kaya shi ma yana kan layin, aka ce su kwashe. Namiji ba ya shiga ɗakin nan. Ni da aka haifa a garin, uwata ta yi rayuwarta a ciki, ban san launin bangonsa ba. Da suka ciro tsohon madubi sai ga gwangwanin sabulu a bayansa. Inna Okcha, shugabarsu, ita ta kawo shi bakin teku ta same mu. Ta buɗe ta miƙa wa Chunsam. Zobe ne, siriri, ya sha hannu.

Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce ba zai yiwu ba, ai ba ta cire shi.

"Baban Miran, wace mahaukaciya ce za ta shiga ruwan sanyi da zobe? Yatsa na motsewa ya sulluɓe. Duk cirewa muke. Ita dai ɓoyewa take, ta mayar kafin ta iso gida, don ta san halinka da ƙananan maganganu."

Sai ta dubi sandar, ta dube ni. Ta ce su duk shekarun nan sun ɗauka bichang ɗin Gapsun muke nema. Bichang shi ne ƙarfen da suke ɓanɓarar jonbok da shi, ɗaure yake da igiya a wuyan hannu, mace ba ta rabuwa da shi a ruwa ko tana so. Baƙin ƙarfe ne, dogo, siriri, kamu ɗaya da rabi. Na uwata yana rataye a bayan ƙofar kicin ɗina, kullum sai na gan shi in zan ɗauki tsintsiya.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Chunsam bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na ji sauƙi. Juyawa kawai ya yi ya kalli arewa, inda simintin ya riga ya bushe har ma'aikata sun zauna a kai suna cin abincin rana.

Na yage salatif ɗin, na murɗo maɓallin baya. Sandar da ta shekara uku tana shiru ta ɓarke da kuka tun kafin ya ɗaga ƙafa. Ko'ina kuka. Kwana tara suka rage kafin katafila ta iso ƙarshen kudu, muka yi su muna tono ni da shi, matan nutso ma suka ajiye aikinsu suka zo da shebur. Mun cika buhu shida da ƙusa da waya da murafun gwangwani. Kowa ya san ba nan ya kamata mu tona ba, ba dai wanda ya faɗa. Na je wurin shugaban ma'aikatan na roƙe shi ya fasa mana taki biyu kacal a gindin dutsen. Ya tambaye ni ko ina da tabbacin akwai mutum a wurin. Ba ni da shi. Wataƙila guntun angar jirgi ne, wataƙila bichang ɗin wata ce da ya faɗi tun zamanin kakanni. Ni na hana a duba ranar da shebur uku kacal sun isa a gani.

Yanzu babu rairayi a garinmu. Na daina fita, sandata tana cikin sito. Chunsam kuwa bai daina ba. Kullum da safe yana kan katangar a gindin baƙin dutse, yana shara faifan a kan kankare, rodin da ke ciki yana sa ta ihu ba tsayawa. Zoben yana ɗaure da zare a wuyansa. Kabarin yana nan da rigarta a ciki, ciyawa ta rufe shi.

Makon jiya ya zo gidana da sandar. Na ɗauka zai ce in ƙara mata zurfi, har na fara shirya yadda zan gaya masa ba abin da zai ratsa wannan rodin. Sai ya ciro sabon salatif daga aljihu ya ajiye a kan tabarma.

"Mayar mini da ita yadda ka saita ta da farko."

Na ce, "Yaya, in na mayar ba za ta ji komai a wurin ba."

"Na sani. Lokacin da sandar take shiru, ina iya komawa gida in ce Gapsun ba ta nan."

Na murɗa maɓallin har ƙarshe, na naɗe shi. Ya karɓa ya yi mini godiya.